Jinin Dogo

Allurar doguwa ce, amma matar Dogo ba ta ji shigarta ba. Tana kwance rigingine, idonta a kan wani tabon ruwa a silin. Likita na duban allon hoton ciki, tana zuƙo ruwan mahaifa a hankali cikin sirinji.

"Kada ki motsa. Saura kaɗan."

Da ma ba ta da niyyar motsi. Tun ranar da aka bugo waya aka ce tankar mijinta ta kife a kan gada, ta daina yin komai sai abin da aka sa ta. A ce ta ci, ta ci. A ce ta kwanta, ta kwanta.

Shekara bakwai da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sai bayan an binne Dogo ta fara amai. Direban tanka ne, yakan share wata biyu bai leƙo gida ba, kuma a tafiyarsa ta ƙarshe babu wanda ya ga ya dawo. Ita kaɗai ta san ya biyo da tsakar rana, ana gyara masa birki a gareji, iyayensa kuma sun tafi asibitin ido. Ya yi wanka, ya ci abinci, ya ja labule. Kafin yamma ya kama hanya.

Maƙwabta suka fara lissafi da yatsu. Maganar ta zaga layin, ta shigo gidan, ta iske Baba a falon ƙasa.

Baba, surukinta, mai gyaran agogo ne, ɗan gajere mai yawan barkwanci. Da can yakan ce idan zai ja kunnen Dogo sai ya aro tsani. Yanzu ya rufe shago, ya daina dariya. A rediyo ya ji cewa ana iya gwada jinin ɗa tun yana ciki.

"Ba zarginki nake ba, 'yata," ya ce, yana goge gilashin idonsa. "Bakin mutane nake so in toshe."

Ta ce to.

Mama, mahaifiyar Dogo, ita ce ta tayar da jijiyar wuya. Ta ce ba za a soka wa mai ciki allura ba. Ta ce yarinyar nan ta sha wuya, a bar ta ta ji da abu ɗaya. Ta yi faɗa, ta yi magiya, har ta rantse za ta bar gidan. Matar Dogo na jin su ta ƙasan bene, tana tunanin ashe haka matar nan take ƙaunarta.

A asibitin ma Mama ta naɗe hannun riga ta miƙa. "Ku ɗebi nawa, ai ni ma kakarsa ce. Maigidana tsoron allura yake."

Likita ta yi murmushi. Ta ce tunda namiji ne a cikin, akwai alamar da ke bin jinin maza, daga uba zuwa ɗa zuwa jika, ba ta canzawa. Na kaka namiji ya fi yanke magana. Mama ta sauke hannun rigarta. Ta nemi kujera ta zauna.

A kwanakin jira Mama kan hau da abinci ta ajiye, ba ta zama. Maman kanta ta daina ci. Kowa ya ce rashin ɗa ne, ga shi tilo.

Ranar sakamako likita ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ɗan da ke cikin ba shi da alaƙar jini da Baba. Baba ya ce a sake. Ta ce an riga an sake. Ya gyaɗa kai, ya yi mata godiya kamar wanda aka nuna wa hanya.

Suka hau tasi suka koma gida. Sai a bakin ƙofa Baba ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki zauna har ki sami inda za ki. Amma kada ki kira shi da sunan ɗana."

Ba ta rantse ba, ba ta yi kuka ba. Ta hau sama ta zauna a bakin gado. Ta yi ta laluben ranar nan a ƙwaƙwalwarta, ƙamshin fetur a rigarsa, ruwan wanka a ƙasan banɗaki, har ta fara tambayar kanta ko mafarki ta yi.

Washegari tana ninke kaya a akwati Mama ta shigo, ta tura ƙofa. Ta fara ciro kayan ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa cikin kabad. Ba ta tsaya ba sai da akwatin ya zama fanko.

"Mama," matar Dogo ta ce, muryarta kamar ta wata. "Wallahi ban taɓa..."

"Na sani."

"Amma gwajin ya ce..."

"Gwajin bai yi ƙarya ba. Ke ma ba ki yi ba."

Daga ƙasa ana jin Baba yana jan kujera, ya kunna rediyo, ya kashe. Mama ta saurara. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta shafa cikin surukarta sau ɗaya, ta nufi ƙofa.

"Zauna abinki, 'yata. Ni ce zan sauka in same shi." Ta kama mariƙin ƙofar, ba ta waiwayo ba. "Wannan yaron jinin Dogo ne. Dogon ne ba jinin Baba ba."