Jar Motar da Aka Ce An Niƙe

Yana buɗe takardar motar ta ƙarshe, ya ga sunan da ya sani.

Wani attajiri ne ya kawo masa tsohuwar jar motar tsere garejinsa a unguwar Shisha, ya ce ya binciko masa waɗanda suka taɓa mallakarta kafin ya saya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan na farko: maƙwabcinsu na dā a unguwar Nakkasa.

Mahaifinsa makanike ne marar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Shekara tara ya yi yana tayar da wata jar mota daga juji, kuma da yake ba shi da ikon rajista, ya sa sunan maƙwabcin bisa amana. Da aka rushe unguwar, maƙwabcin ya zo da kuka, ya ce katafila ta niƙe ta. Mahaifin bai ƙara riƙe sifana ba har ya rasu. Maƙwabcin ne ya yi masa wankan gawa.

Takardar ta nuna an sayar da motar mako biyu kafin rusau.

Ya tarar da maƙwabcin, yanzu dattijo, a ƙofar masallaci yana jan carbi.

"Baba, ashe katafilar ba ta niƙe ta sosai ba?"

"Ya waladi, ɗana, takarda sunana ta sani," in ji shi, ko gezau. "Ina shaidarka?"

Mahaifinsa ba ya gama aiki bai bar alama ba. Ɗan ya koma gareji ya cire kujerar direba. A jikin ƙarfen ga rubutu da ƙusa: "Ta ɗana ce in ya girma."

Kotu ba ta karanta rubutun ƙusa. Ya mayar da kujerar, ya ɗaure ta tam, ya miƙa wa attajirin makulli.