Bangon Sunaye

Bayan la'asar Ashraf ya zo zance wurin Ramlat a unguwar Bolewa. Karatu ne ya kai shi Ostareliya, ya zama ɗan ƙasa, har ya shiga sojansu. Yana nuna mata hotuna a waya, sai idonta ya tsaya kan wani dogon bango cike da rubutu da jajayen furanni.

"Wannan fa, Yaya Ashraf?"

"Sunayen sojojinsu ne da suka mutu a ƙasashen waje lokacin yaƙin duniya."

Ta ƙura wa hoton ido. Haka aka kwashi kakan babanta zuwa yaƙin Bama, har yau ba wanda ya san kabarinsa.

"Kai ma tura ka za su yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Bayan Sallah. Shi ya sa nake so a ɗaura mana aure kafin in tafi."

Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta fasa.

"Ramlat, ki ce wani abu mana."

"Ka turo manyanka," ta ce, hawaye na zubo mata. "In wani abu ya same ka, ni nake so a fara kira. Ba zan iya jinsa a bakin mutane ba."