Makarar Tanimu Mai Faci

Tun da motoci suka koma tuƙa kansu, babu wadda ke tsaya wa makara a Katsina. Doka ta ce mai keke kaɗai za su ba hanya.

Ranar da muka ɗauko gawar Tanimu mai faci, muka tarar da titin maƙabarta ba mashiga. Sai na tura kekena tsakiyar kwalta, na dafa ƙasa da ƙafa ɗaya.

Motar gaba, ba kowa a cikinta, ta ce da muryar mace, "Malam Barau, ka matsa, ko a ƙwace kekenka yau."

Na ce, "Ƙwace, 'yar nan. Amma sai Tanimu ya tsallaka."

Gida na koma a ƙasa.