Ƙarfe Huɗu a Bakin Ƙofa

Ƙarfe huɗu daidai ya danna ƙararrawa, kamar kullum, da kular abinci a hannu.

Uwar Makullai ta leƙo ta 'yar tagar ƙofar. Shekara ashirin tana jinyar masu taɓin hankali a wannan sashe na kulawa ta musamman, kuma ba don yawan fara'a aka laƙaba mata sunan ba.

"Na zo ganin matata."

"Ba ni da izinin faɗa maka wanda ke ciki da wanda ba ya ciki. Doka ce."

"Wace irin doka ce ke raba mutum da iyalinsa? Ni na kawo ta da hannuna."

Gaskiya ne, shi ya kawo ta, ba ta ci, ba ta magana, ga karayar haƙarƙari biyu da ya ce a matakala ta faɗi. Tun ranar bai taɓa fashin zuwa ba. Masu shara har kwatance suke yi da shi, wai ina ma a samu miji irinsa, ba irin nasu ba.

Takardun ƙara biyu ya riga ya kai wa shugaban asibiti, an kuma ja wa Uwar Makullai kunne cewa daga ta uku sai ajiye makullai. Tsoro take ji, sosai ma, amma fuskarta ko gezau.

"Matar nan ba ta iya komai sai ina tsaye a kanta," ya ce, ya matso har numfashinsa ya dusashe gilashin. "Ke kuwa sai na ga bayanki, tsohuwar banza."

"Miƙo kular. Gobe ka dawo ka karɓi abarka."

Ya cusa ta da ƙarfi har miya ta ɓata mata farin kaya, sannan ya nufi ofishin shugaba yana zage-zage.

Ta ba masu gadi abincin, ta tsaya a famfo tana goge rigarta. Aikin kam ya tafi, ta sani. Amma gobe ma zai dawo, kuma muddin yana tsaye a wannan ƙofa, ba zai bazama neman matar da ta warke, yayanta ya fice da ita ta ƙofar baya kwana goma sha tara da suka wuce ba.