Ruwa Ba Ya Ƙirguwa

"Ruwa ba ya ƙirguwa!" Malam ya buga sanda a tebur. "Sau nawa zan faɗa miki? A Turanci ba a sa wa ruwa 'a'. Kofi ake ƙirgawa, ba abin da ke ciki ba."

Ɗalibar ta sunkuyar da kai. Babbar mace ce, har da furfura a gefen ɗankwali, amma kullum da la'asar sai ta zo falonsa ta zauna kamar 'yar firamare. Abu ɗaya take tsoro a duniya, ranar da Malam zai sallame ta.

Malam ya yi ritaya tuntuni, ita kaɗai ce ɗalibar da ta rage masa. Ko sunanta bai riƙe ba. Mantuwa gare shi, amma wanda ya yaye ya yayu, ba ya sake karɓarsa. Ita kuwa, in ji shi, kanta kamar dutse. Jiya gishiri ta sa wa 'a', shekaranjiya madara. Ya yi ta faɗa har tari ya sarƙe shi, ta miƙe ta ɗauko maganinsa a bayan agogo ba tare da ta tambaya ba.

Yau a gajiye ta zo daga aiki. Ya jefo tambaya, ta amsa hankalinta na wani wuri. Ya sake jefowa: shawara, labari, kayan ɗaki. Bakinta ya riga ta. Kafin ta farga, duk ta faɗe su daidai.

Malam ya ajiye sanda, fuskarsa ta washe.

"Kin iya! Je ki, na sallame ki."

Ta yi sauri ta ce, "Malam, sa'a ce kawai. A sake gwada ni."

"Baiwar Allah, karatu ya ƙare. Ni kuwa ba na zama da baƙuwar mace haka siddan."

Ta roƙe shi har muryarta ta dushe, amma ya riga ya juya yana kallon taga. Ta ɗauki jakarta, cike da takardun jarrabawar Turanci na ɗalibanta na jami'a. A bakin ƙofa ta tsaya tana hawaye, ta dubi mutumin da ya koya mata wannan darasi tun tana zama a cinyarsa.

"Baba," ta ce a hankali.

Bai waiwayo ba, don ya daɗe da manta cewa yana da 'ya.