Jan Takalmin Ƙwallon Kwando

Tana buɗe kwalin, babanta ya ajiye buta ya matso. Jan takalmin ƙwallon kwando ne, sabon fitowa, da sa hannun wani ɗan wasa a dunduniya. Babu shi a Gwandu, babu a Kalgo, sai daga Legas direba ya kawo mata. Gobe za a zaɓi 'yan wasan jiha.

"Nawa?"

"Dubu ɗari da tamanin, Baba. Tumakina biyu na sayar."

Ya danna takalmin da babban yatsa, ya shinshina. Shekara talatin ke nan yana sayar wa dillalai fata.

"Fatar jar akuyarmu ce," in ji shi. "Dubu biyu nake ba da ita. Ki yi ƙoƙari gobe, ɗiyata. Fatar nan ta sha hanya."