Gonar Gwaggo Haulatu a Cikin Kwamfuta

Saura kwana biyu a zauna rabon gado a gaban dagaci, kwamfutar Ikrima ta ƙi tashi. Ya danna, ya cire caja, ya sake dannawa. Baƙin allo kawai ke kallonsa.

Ikrima mai shagon tura fina-finai ne a Daura. Bara da damina kakansa, Malam Kalilu, ya kira shi Sandamu ya ce ya ɗauke shi bidiyo. Tsohon ya taka gonar fadama da sandarsa, ya faɗa da bakinsa cewa ya ba 'yarsa Haulatu ita kyauta, ta riƙe marayunta. Ikrima ya zuba bidiyon a kwamfuta, ya goge na waya don wuri ya yi masa kaɗan. Yanzu tsoho ya rasu, ƙanen Haulatu, Ya'u, ya ce shi bai san da wata kyauta ba.

Kwamfutar nan kuwa ba ta san hutu ba. Ma'ajiyarta irin wadda ake kira SSD ce, ta gwanjo, amma kullum manhajar toren, mai jawo kaya daga intanet, na sauke fina-finai ashirin a lokaci guda. Ta cika maƙil, ya goge, ya sake cikawa. Sau uku tana nuna masa gargaɗi, shi kuwa gwanin, sai ya rufe ya ce, "Ai in na goge ta koma sabuwa."

Da ta ƙi tashi, ya hau babur sai shagon Yahya mai gyara. Yahya ya ciro ma'ajiyar, ya jona a nasa injin, ya ƙura wa allo ido.

"Malam Yahya, yi magana mana!"

"Ta mutu, Ikrima. SSD tana da iyakar rubutun da za ta ɗauka. Kamar takarda ce, ka yi ta rubutu kana gogewa, wata rana sai ta huje. Mai aikin yau da kullum zai yi shekara da shekaru da ita. Kai ka sayi wadda ta riga ta gaji, ka cika ta har wuya, kana sauke kaya ba tsayawa. Kana da kwafi a wani wuri?"

Ikrima ya girgiza kai.

Ranar zama, zauren dagaci ya cika. Gwaggo Haulatu ta shigo da ƙarfin gwiwa, ta ce, "Ikrima, kunna musu su ji muryar Baba."

"Gwaggo," ya ce, "bidiyon ya tafi."

Ya rantse ya ji maganar kyautar da kunnensa. Ya'u ya ce ai Ikrima ɗan da Haulatu ta yi rainonsa ne, dole ya bi bayanta. Ba takarda, ba wani mai shaida. Aka zuba fadamar cikin gado, kason Gwaggo ya faɗa kan tudu mai tsakuwa.

Ba ta zagi Ikrima ba, da ma ta zage shin da ya fi sauƙi. A bakin ƙofa ta ce, "Ba gonar kaɗai ba, Ikrima. Na so in sake jin Baba ya kira sunana."

Jama'a, ma'ajiyar kwamfuta tana tsufa, kuma ba ta sallama in za ta tafi. Kada ku haɗa amanar mutane da fina-finan da kuke saukewa a wuri ɗaya, kuma duk abin da ba zai maimaitu ba, a ajiye shi wuri biyu ko uku.